Gwangwanin Inna Tela

Gidan hawa uku ne, ƙofa goma sha takwas, famfo ɗaya, sai tankin ruwa a tsakar gida bisa ƙafafun ƙarfe. Mai gidan ba wanda ya taɓa sa shi a ido, wakilinsa ne ke leƙowa sau biyu a shekara ya yi gaba. To ku auna da kanku: ƙofa goma sha takwas, kowace da bakinta, famfo kuwa ɗaya. A da, idan hantsi ya yi ba a ji ashar daga gidan nan ba, maƙwabta har aikowa suke a duba ko lafiya. An fasa bokitai a layin ruwa, an yi dambe a kan igiyar shanya, 'yan sanda ma sun daina tambayar kwatance.

Inna Tela ce ta kashe wannan wutar. Tana hawa na biyu, ƙofa ta tara, ita da mijinta Baba Direba. Shagonta na ɗinki yana can bakin titi, tafiyar minti ashirin. 'Yar gajeriyar mace ce mai tabarau ɗaure da zare, ba ta da ƙarfin raba faɗa, amma akwai baki, akwai naci. Ita ta bi gidan ƙofa ƙofa har aka yarda a riƙa zama duk Asabar ta farkon wata, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, a yanke magana da rinjaye.

Da farko hannu ake ɗagawa. Sai Inna ta lura da wani abu. Duk sanda aka ce a ɗaga, idanu sai sun fara zuwa wajen Mahauci, wani ƙaton mutum na hawan ƙasa wanda ko gaisuwa ya yi sai ka ɗauka faɗa ne. In ya ɗaga a ɗaga, in ya naɗe hannu kowa ya shiga sosa ƙeya. Wata Asabar sai ga ta da gwangwanin madara babba, an huda murfinsa, da ƙullin maɓallai daga shago.

"Daga yau ba mai ganin hannun wani," in ji ta. "Kowace ƙofa maɓalli biyu, fari da baƙi. Fari na yarda, baƙi ban yarda ba. Ka shiga bayan labulen nan na ƙarƙashin bene, ka jefa ɗaya a gwangwani, ɗayan ka sa a jakar tsumma. Daga kai sai Mahaliccinka."

Aka rubuta a littafin gida, doka ta uku, da hannunta: duk maganar da ta shafi gida gwangwani ne zai raba ta, ƙofa ɗaya ƙuri'a ɗaya, abin da ya fito ya fito. Maganar farko da aka jefa ita ce wanke wuƙaƙe da Mahauci ke yi a bakin famfo. Fari goma sha biyar, baƙi uku. Ya yi ruri har tagogi suka amsa, ya ce a nuna masa munafukan. Ba wanda zai nuna, don ba wanda ya sani. Washegari ya kwashe wuƙaƙensa ya koma da su kasuwa. Shekara shida ke nan, motar 'yan sanda ba ta sake tsayawa a ƙofar gidan ba. Inna ba ta yin alfahari da baki, amma gwangwanin nan a saman kabad yake zama, kullum a goge.

Shi kuwa Baba Direba, shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa bas a cikin gari, bai taɓa taka ko kaza ba. Bayan ya ajiye aiki sai ruɗin tsufa ya fara shigarsa a hankali, kamar yadda ruwa ke cin ginin ƙasa. Ya manta sunan jikokinsa, ya manta an yi masa ritaya, amma bai manta tasha ko ɗaya ba. Kullum da safe zai sa hularsa ta aiki, ya ce da Inna, "Kwandasta, mu je, fasinja na jira." Ta sauko da shi, ta zaunar da shi a dogon bencin da ke jikin bango inda rana ke fara sauka, ta ajiye masa shayi a fulas, ta wuce shago. Nan zai wuni. Yaran gidan su jeru a bayansa, ya riƙe murfin tukunya yana juyawa, yana kiran tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Babba in ya zo wucewa ya tambaye shi, "Ina zuwa?" A ce masa kasuwa, ya ce, "A matsa ciki, akwai wuri." Matan gidan suna wanki suna sa masa ido. Benci da rana da hayaniyar yara, su ne abin da ya rage masa a duniya.

Ranar wata Laraba da azahar Mahauci ya shigo da motarsa ta ɗaukar nama har tsakar gida, ya ce minti biyu zai yi, ya bar makulli a jiki. Baba ya ɗaga kai ya ga mota a buɗe, ba direba. Abin da hannu ya saba, ba sai kai ya tuna masa ba. Ya shiga, ya tayar, ya sa giya sumul. Motar ta tafi kai tsaye ta daki ƙafar tanki. Tankin ya karkace ya zubo gaba ɗaya. A ƙarƙashinsa wata yarinya 'yar shekara huɗu, 'yar ma'aikaciyar asibitin da ake ce wa Nas a gidan, tana wasa da gwangwanaye. Ƙarfen ya sauka kamu ɗaya daga inda take. Ruwan ne ya ɗebe ta ya maka da bango, goshi ya tsage, aka yi ɗinki uku.

Da Inna ta iso a guje, da tef ɗin awo a wuya, ta tarar da Baba a jiƙe sharkaf a kan bencinsa, ba kowa kusa da shi. Yaran duk an janye su ɗaki.

"Birki ne, Kwandasta," ya ce mata. "Tun jiya nake gaya wa makaniki birkin nan ba ya ci. Ba a ji rauni ba dai ko?"

"Ba a ji ba," ta ce. Ta kama hannunsa suka hau.

Washegari da yamma Ticha ya ƙwanƙwasa. Shi ne shugaban gida, mutum mai sanyin hali, wanda in zai faɗi magana mai nauyi sai ya fara goge tabaraunsa. Ya goge, ya sake gogewa, sannan ya miƙo takarda.

"Inna, wallahi ni ɗan aike ne. An kawo ƙorafi, kin san doka, dole in saka shi a zaman jibi."

Ta karanta a tsaye. A sa ƙofar ƙarfe mai sanduna a ƙofa ta tara. Duk lokacin da Inna ba ta gida, a kulle Baba a ciki da kwaɗo. In ba a yi ba, a kai maganar gaban wakilin mai gida ya ba su takardar tashi.

"Wa ya kawo?"

"Doka ta biyar, Inna. Ba a faɗin mai ƙorafi." Ya sunkuyar da kai. "Ke kika ce a sa."

Haka ne, ita ta ce. Ta ninke takardar ta mayar masa.

Ta zauna bakin gado ta juya maganar ta kowace fuska, ba ta ga ƙofa ba. Ta rufe shago ta zauna da shi? To su ci me? Ta tafi da shi shagon? Ta taɓa gwadawa sau ɗaya, tana juya baya ta yanka yadi ya fice tsakiyar titi yana ba motoci hannu. Ta kira 'yarsu da ke aure a wani gari mai nisa, 'yar ta fashe da kuka ta ce su taho wurinta kawai. Ɗaki biyu, yara biyar, ga uwar miji a kwance. Inna ta ce mata ta share hawaye, ba abin da zai faru, mutanen gidan nan nasu ne.

Ranar Juma'a ba ta buɗe shago ba. Ta yafa mayafi ta bi gidan ƙofa ƙofa, kamar yadda ta yi shekara shida baya, sai dai a wancan karon don kowa ta bi, yau don mutum ɗaya.

Mai Wanki ta ƙofa ta huɗu ta dafe ƙirji. "Haba Inna! Baba fa? Mutumin da ya yi min renon 'ya'ya uku a bencin nan ina wanki? Ai wanda ya sa masa kwaɗo uwarsa ya kulle. Ni baƙi zan jefa, ko maɓalli goma aka ba ni."

Mai gyaran waya ya ce ko a mafarki. Amaryar hawa na uku ta yi ƙwalla. Tsohon soja ya ce shi ya ga ɗaurin talala, ba ya yi wa maƙiyinsa fatan sa. Wani da ake ce wa Lauya, ba don ya taɓa shiga kotu ba sai don ba a gama magana bai sa baki ba, ya tsare ta minti ashirin a ƙofa yana bayani.

"A mahangar doka, Inna, laifin na mai makulli ne. Wanda ya ajiye nama a gaban kyanwa ba ya ƙarar kyanwa. Ba wai na ce Baba kyanwa ba ne, ki fahimce ni."

"Na fahimce ka. Baƙi ko fari?"

"Inna, har kya tambaya?"

Mahauci bai bari ta buɗe baki ba. Ya fito ba riga, ya durƙusa har ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. "Ni na jawo, Inna. Ni ne jakin da ya bar makulli. Tankin ma na riga na kira mai walda. Ki bar min maganar nan a hannuna."

Ƙofar Nas ta bari ƙarshe. Ta daɗe a tsaye kafin ta ƙwanƙwasa. Yarinyar ce ta fara leƙowa, filasta fal goshi, ta ƙanƙame ƙafar Inna.

"Kaka, ina Direba? Yau bas bai tashi ba."

Uwar ta janye ta a hankali ta mayar bayanta. Nas yarinya ce ƙarama, mijinta yana aiki a wata ƙasa, ita kaɗai ce da 'yar, in ta tafi asibiti a tsakar gidan nan take barinta wurin maƙwabta.

"'Yata, na zo in ba ki haƙuri."

"Ba komai, Inna. Tsautsayi ne."

"Gobe fa?"

Nas ta kalli ƙasa. "Allah ya kai mu, Inna."

Da ta koma ɗaki ta lissafa da yatsu. Ƙofa goma sha biyar sun ce baƙi da bakinsu, ga tata ta goma sha shida. Ta dafa wa Baba shinkafa da wake, har ta yi masa waƙa tana zuba masa.

Asabar da la'asar aka fito da kujeru da tabarmi. Tankin yana kwance a gefe ya lotse, an kewaye shi da igiya. Inna ta sauko da Baba da hularsa, don ba ta da inda za ta bar shi, ta zaunar da shi a bencinsa. Ta ɗora gwangwani a kan teburi, ta rataya labule a ƙarƙashin bene. Ticha ya goge tabarau ya karanta ƙorafin, muryarsa can ƙasa kamar mai karanta wasiyya. Ya ce mai magana ya yi.

Sai tari nan da can. Baba ya dubi taron ya yi murmushi.

"Yau mota ta cika," ya ce. "A riƙe yara da kyau."

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

Inna ta miƙe. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce mutumin nan in aka raba shi da rana da mutane, ba zai kai damina ba. Ta ce a hana shigo da mota tsakar gida, shi ke nan an toshe ɓaraka. Ta ce ita za ta riƙa dawowa da azahar ta duba shi.

Wata murya daga baya, ba ta gane ta wa ce ba, ta ce, "Yau mota ce. Gobe in risho ne fa? Ko ashana?"

Ba wanda ya waiwaya.

Sai Mahauci ya tashi, kujerarsa ta faɗi. "Jama'a, mu daina wahalar da tsohuwar nan. Wannan ba maganar igiyar shanya ba ce, maganar ubanmu ce. A ajiye gwangwanin nan yau. A ɗaga hannu kamar da. Duk wanda yake so a kulle Baba Direba kamar akuya, ya ɗaga hannunsa nan, a gaban Inna, mu gan shi!"

Ya juya yana bin fuskoki da jajayen idanunsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Inna ta ga hannuwa suna shigewa ƙarƙashin mayafi, suna shigewa aljihu. Ta san ba hannun da zai tashi. Ko Nas ba za ta iya ba. Minti ɗaya ya isa, a watse, Baba ya kwana da bencinsa.

Lauya ya ɗan yi gyaran murya. "Ni ba wai ina jayayya ba ne, amma doka ta uku..."

"Kai rufe mana baki, lauyan da bai da kotu!"

Ticha ya juyo wurinta. "Inna, ke ce mai littafi. In kin ce hannu, hannu ne. Ba wanda zai ce miki don me."

Duk gidan ya zuba mata ido. Ta dubi Baba, yana juya murfin tukunyarsa. Ta dubi Mahauci, yana huci yana yi mata alama da kai ta ce to. Sannan idonta ya faɗa kan Nas. Yarinyar tana zaune a ƙarshen tabarma, ta rungume 'yarta a cinya, ta dunƙule hannunta na dama ta danne shi da na hagu. Inna ta san wannan zaman. Irin zaman da matan gidan nan suke yi ke nan shekara shida baya, magana na cinsu, ido na hana su. Don wannan zaman ta huda murfin gwangwani. In ta ce hannu yau, gobe ma in magana ta taɓa mai ƙarfi sai a ce hannu, kuma ba ta da bakin hanawa.

Kuma ai goma sha biyar sun yi mata alkawari. Da wannan ta lallashi zuciyarta.

"A bar gwangwani ya yi aikinsa," ta ce.

Mahauci ya buga cinya. "Inna! Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Ɗauki kujerarka ka zauna, ɗana."

Ta bi layi tana raba maɓallai, bibbiyu, fari da baƙi. Da ta zo wucewa ta gaban benci Baba ya miƙo tafin hannu.

"Ni fa, Kwandasta?"

Ta tsaya. Ta juya wajen Ticha. "Shi fa? Maganarsa ake yi."

Ticha ya buɗe littafi kamar bai san abin da ke ciki ba. "Ƙofa ɗaya, ƙuri'a ɗaya, Inna. Ta ƙofa ta tara tana hannunki."

Ta laluba ƙullin ta sami wani jan maɓalli da ya ɓata cikin sauran, ta sa masa a hannu. Ya jujjuya shi, ya ji daɗi, ya jefa a aljihun gaba.

Aka fara kiran ƙofofi. Kowa ya tashi ya shiga bayan labule, a ji ƙwal, ya fito. Mai Wanki da ta fito har ta ɗaga wa Inna gira. Tsohon soja ya sara mata. Amarya ta shafa kafaɗarta tana wucewa. Nas ta daɗe a ciki fiye da kowa. Inna ta shiga a ta tara, ta jefa baƙinta, ta ji ya sauka a kan 'yan'uwansa, ba ta san launinsu ba.

Ƙirga aikin mai littafi ne. Ta buɗe murfi ta juye a kan farantin silba a gaban kowa, kamar yadda ta saba.

Ba sai ta ƙirga ba. Farantin ya yi fari kamar an watsa shinkafa.

Amma ta ƙirga, don haka doka ta ce, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, tana turawa da yatsa. "Fari ɗaya. Fari biyu. Fari uku." Ta ci gaba har ƙarshe. Fari goma sha huɗu. Baƙi huɗu.

Huɗu. Ɗaya nata. Ta ɗaga kai ta dubi mutanen da ta yi shekara ashirin tana ɗinka wa kayan suna da na makaranta, ta ga kowace fuska cike da jimami, kowace fuska tana cewa ni ina cikin ukun nan. Mai Wanki ta riga kowa salati.

"Innalillahi! Wallahi mutane ba su da tsoron Allah. Su wane ne haka?"

"Munafukai!" Mahauci ya daka tsawa. "A sake! A sake da hannu!"

"Ba a sakewa," in ji Inna. Ta jawo littafi ta rubuta kwanan wata, ta rubuta goma sha huɗu da huɗu, ta sa hannu, ta tura wa Ticha. Shi ma ya sa nasa.

Ba a yi faɗa ba. Ko zagi ɗaya ba a yi ba bayan na Mahauci. Kowa ya ɗauki kujerarsa, aka naɗe tabarmi, aka share wurin tas. Mutum uku suka yi rige-rigen taya ta kama Baba zuwa sama.

A ɗaki ta zauna da gwangwanin a cinya. Ta so ta ji haushin wani, ta rasa wanda za ta kama. Ta ɗauki Mai Wanki ta ajiye, ta ɗauki Lauya ta ajiye. Ko Mahaucin ma, wa ya san abin da hannunsa ya saki a bayan labule, shi da ke da 'yan biyu masu rarrafe? Ta ce a ranta ƙarya suka yi mata. Can kuma ta ce a'a, a ƙofa sun gaya mata abin da kunya ta ba su, a bayan labule sun faɗi abin da tsoro ya ba su, kuma duka biyun nasu ne. Da jikarta ce a ƙarƙashin tankin nan, da mijin wata ne a motar, wanne za ta jefa? Ba ta bari ta amsa wa kanta ba. Ta tashi ta ɗora ruwan wankan Baba.

Mai walda ya zo ranar Lahadi, wanda ya gyara ƙafar tanki shi ya hau da ƙofar. Baba ya tsaya a kansa yana ba da shawara, yana cewa a ƙara wuta a nan, wannan haɗin ba zai jure gargada ba. Mai waldan ya ce, "To, Baba," bai ɗaga kai ba har ya gama. Ya shafa wa ƙofar shuɗin fenti, wai don ta yi kyau. Ya miƙa wa Inna kwaɗo sabo da makulli biyu.

Litinin da safe ta yi komai da wuri. Ta kwance tukunyar gas ta kai wa maƙwabciya ajiya. Ta kwashe wuƙaƙe da ashana da almakashi ta zuba a jakarta. Ta jawo kujera ta ajiye daidai ƙofa, inda in ya zauna zai hango ɗan yankin tsakar gida ta tsakanin sanduna, ko da yake rana ba ta zuwa nan sai bayan la'asar. Ta ajiye fulas da burodi da ruwa a kusa. Baba ya fito daga uwar ɗaki, ya riga ya sa hula.

"Kwandasta, mu je, mun makara."

"Zauna nan tukuna, Malam. Bari in duba hanya."

"To yi sauri."

Ya zauna. Ta fita, ta jawo ƙofar, fentin bai gama bushewa ba ya manne mata a tafi. Kwaɗon sabo ne, bai yi gardama ba.

A kan bene ta haɗu da Nas cikin fararen kayan aiki, tana riƙe da hannun 'yarta. Suka tsaya, matattakala biyu tsakaninsu.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau, 'yata. Ya goshin?"

"Da sauƙi." Sai Nas ta ƙara da sauri, "Inna, yau ƙarfe ɗaya zan tashi. In kin ba ni makulli ɗaya, zan shiga in zauna da shi, in ba shi abinci. Kuma ko don gobara, bai kamata a ce duka suna shago ba."

Inna ta dube ta. Ta so ta karanta wani abu a fuskar nan, fari ko baƙi, ba ta ga komai ba sai yarinyar da ba ta yi barci ba. Ta zare makulli ɗaya ta sa mata a hannu.

Tsakar gida tsaf. An share, bokitai a jere a layin famfo, ba mai ɗaga murya. Yara suna wasa a gindin tankin da aka gyara. Bencin yana nan cikin rana, wata ta shanya barguna a kai. Gaisuwa ta taso mata ta ko'ina, da taushi, da ladabi.

"Ina kwana, Inna. Ya jikin Baba?"

"Inna, a gaida Baba."

"Allah ya ba da lada, Inna."

Ta amsa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko mutum ɗaya ba.

Ta kusa ƙofar gida sai ta ji ƙarar ƙarfe daga sama, ana jijjigawa a hankali, sannan da ɗan ƙarfi. Hirar bakin famfo ta ɗauke. Ba wanda ya ɗaga kai.

"Kwandasta!" Muryarsa ba fushi a ciki, sai mamaki. "Kwandasta, ƙofar nan ta maƙale! Kira wani ya duba ta!"

Ta tsaya, hannunta a kan ƙyauren gida. Ruwa yana zuba a bokitin wata har ya cika yana malala, ba a kashe famfon ba.

"To, Malam," ta ɗaga murya ba tare da ta juya ba. "Zan kira."

Ta gyara jakar a kafaɗa ta fita titi.